Bebi firiz ya ƙi zama, wuyana ke shan wahala, ina matsalar take?

Sadiq_Kurna
Salam 'yan gida. Dan Allah masu rawar birekin (breakdance) a cikinku ina neman taimako a kan bebi firiz, wato tsayuwar nan da ake yi cak a kan hannuwa, gefen kai a ƙasa, ƙafafu a sama. Na ɗan kwana biyu ina koyo, tof rok (rawar tsaye da ake farawa da ita) ya fara kama jiki, sikis sitef (taku shida da ake yi a ƙasa hannu a dafe) ma ina zagayawa ba laifi, amma da na zo wajen tsayawa shikenan komai ya watse. Ina kafa gwiwar hannun dama a ciki, in kwantar da kaina a ƙasa, da zarar na ce zan ɗaga ƙafa sai duk nauyin ya koma wuya ya ɗau zafi, ko kuma in kife ta baya. Wani lokacin ma ƙafar ƙin tashi take yi sam. A bidiyo kuwa sai ka ga mutum ya shiga ya tsaya cak har yana motsa ƙafa yadda ya ga dama. Ƙarfin hannu ne ban da shi ko akwai dabarar da ban gane ba? A tsakar gida nake yi, kan siminti.

Bboy_Gwammaja
Wa'alaikassalam. Ba maganar ƙarfi ba ce ɗan'uwa, akwai yaran da ko fushof biyar ba sa iya yi amma suna tsayawa a bebi firiz. Tambaya ɗaya, ina ainihin inda gwiwar hannun take zama? In kusa da cibiya ce ko kan haƙarƙari to daga nan aka samu matsala.

Sadiq_Kurna
Wajen haƙarƙari take gaskiya, ta ƙasa ƙasa. Har wurin ya yi tsami in na taɓa.

Bboy_Gwammaja
To ka gani. Sauko da ita. Miƙe tsaye yanzu ka laluba gefen cikinka, akwai wuri mai laushi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, kwiɓi dai amma ɗan gaba kaɗan, nan ne mazaunin gwiwar hannu, ƙashin ƙugun ne zai hau kanta ya zauna. Kafin ma ka je ƙasa ka fara sabawa da wurin, dafa bango da tafin hannu, gwiwar hannun a wurin, ka dinga sakin nauyinka a hankali kana ɗaure ciki.

Sai ka durƙusa. Tafukan hannu biyu a ƙasa, tazararsu kamar faɗin kafaɗarka, yatsu a baje ba a haɗe ba. Hannun da ka soke a kwiɓi, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu ya tsaya a miƙe tsaf, in ya karkata ko kaɗan zamewa zai yi. Sannan ka kwantar da gefen kanka na dama, saman kunne kaɗan, ba goshi ba kuma ba tsakar ka ba, kuma a GABAN hannuwan, ba a tsakaninsu ba. Hannu, hannu, kai, su zauna kamar duwatsun murhu guda uku. Yawancin masu kifewa in ka duba kansu da hannuwansu a layi ɗaya suke, to me zai tare su?

Abin da ya fi duka muhimmanci, kan nan taɓa ƙasa kawai yake yi don kada ka tuntsura, hannuwa ne ke ɗauke da jikin. In kana ciki ka gwada ɗaga kanka kaɗan daga ƙasa, ko ka yi magana. In ya ɗagu, muryarka kuma ba ta shaƙe ba, nauyin yana inda ya dace. In ya ƙi ɗaguwa to a wuya kake tsaye, sauka ka sake shiri.

Ummi_Rayfield
Ƙari a kan na Gwammaja, maganar ƙafa da ka ce tana ƙin tashi. Kada ka yi tsalle da ita, tsallen ne ke jefa mutum ta baya. Bar yatsun ƙafarka a ƙasa, ka dinga turo ƙugu yana hawa kan gwiwar hannun a hankali a hankali har ka ji ƙafafun sun yi sakayau da kansu, lokacin ɗagawa ba ta buƙatar wani ƙarfi. Fara da ƙafa ɗaya, ka mayar, ka ɗaga ɗayar, ka mayar. Kuma ka naɗe su kusa da ciki tukuna, ƙafa in tana miƙe nesa da jiki nauyinta ya fi jan mutum.

DanKawo_KD
Duk kun bar babban abu. Gwiwar ƙafar hagu ai kan gwiwar hannun hagu take zama, shi ne ke ba ka wuri na biyu da za ka ɗora nauyi. Sadiq in ba ka ɗora ba to hannu ɗaya ne ke aiki shi ya sa kake wahala.

Issoufou_Maradi
DanKawo mu dai ba haka anka koya muna ba. In dama ka soke, gwiwar ƙafar dama ita ka hawa hannun hagu, ƙafar ƙasa kenan, ta sama ta tafi baya. Ka tsugunna, ka murɗa jiki wajen dama, hannun hagu ya faɗa bayan gwiwar dama, na dama ya shiga kwiɓi, sai ka kwanta a kai. Ga sabon shiga wanga ya fi sauƙi don tun kana tsugunne an riga an kulle komi.

DanKawo_KD
Malam Issoufou wannan murɗawar ce ma ke kayar da mutane, wanda bayansa bai da laushi ba zai kai ba.

Bboy_Gwammaja
Ku biyun duk daidai ne fa, ana yin kowanne, har ma in mutum ya iya sai ya dinga musanya ƙafafun yana cikin firiz ɗin, ta ƙasa ta sauka ta sama ta hau. Ni na fi koya wa mutane irin na Issoufou da farko saboda cinya tana kwanciya sosai a kan hannun, amma mai ɗan jiki ko tumbi na DanKawo ya fi masa. Sadiq gwada duka biyun ka ga wanda jikinka ya karɓa.

Fiziyo_Zee
Ni ba 'yar birekin ba ce, fannin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi nake karanta, amma zan sa baki saboda kalmar wuya da na gani. Tsamin nama daban, wannan yana wucewa. Amma in ka ji wani abu yana tsirgawa daga wuya zuwa hannu, ko yatsu sun sage, ko jiri, ka tsaya ranar gaba ɗaya, in ya maimaita ka je a duba ka. Ba abin jarumta ba ne.

Na biyu wuyan hannu. A wannan tsayuwar ana lanƙwasa shi baya kusan digiri 90 kuma da nauyin jiki a kai, alhali yawancin mutane nasu bai saba kaiwa nan ba. Don haka kafin ka fara ka ba shi minti biyar zuwa goma, ka durƙusa hannu a ƙasa ka dinga zuwa gaba kana dawowa, ka juya yatsu su kalli gwiwoyinka ka ja baya a hankali, ka kifa bayan hannu ma ka ɗan danna, ka dunƙule ka buɗe. Kuma nauyin kada ya taru a gindin tafin hannu kaɗai, ka danna yatsu a ƙasa su ma su ɗauka.

Haƙarƙarin da ka ce ya yi tsami, biyun ƙarshe na kowane gefe ba a haɗe suke da ƙashin ƙirji ta gaba ba, ba wurin ɗora nauyin mutum ba ne sam. Ka bar wurin ya huce kafin ka koma, ko ka yi ta ɗaya gefen.

Sadiq_Kurna
Na gode sosai Malama, babu sagewa alhamdulillah, zafi ne kawai a gefen wuya. Ɗumama wuyan hannu kam ban san da shi ba sam.

Tsohon_Hannu
Yara kuna ta lissafin gwiwa da kusurwa babu wanda ya ambaci kiɗa. Mu da muka yi wannan abin a Kaduna shekarun 1980, da rediyo mai kaset da kwalin da muka roƙo a shagon masu sayar da firij, ba wanda zai tafa maka don ka tsaya a hannu. Sai in ka tsaya daidai inda ganga ta buga. Firiz ai rufe magana ne, ka yi tof rok, ka sauka, ka yi aikin ƙafa, sai ka kulle a kan bugu kana kallon abokin karawarka. Wanda ya tsaya minti guda ba a kan kiɗa ba motsa jiki ya yi, ba rawa ba. Ƙanina Sadiq ko yau ka fara, ka kunna kiɗa, ka ƙirga ɗaya zuwa takwas, ka sa a ranka a kan nawa za ka kulle.

Ummi_Rayfield
Baba da girmanka amma a nan ban bi ka ba. Mutumin da har yanzu wuyansa ke ɗaukar nauyi in ka sa masa kiɗa gaggawa zai yi don ya cimma bugu, gaggawar kuma ita ke sa a buga kai da ƙasa. Ya fara samun zaman tukuna shiru babu kiɗa, ya iya riƙewa yana numfashi ko daƙiƙa goma, sannan a kawo kiɗa.

Tsohon_Hannu
'Yata ban ce ya yi sauri ba. Kiɗa mai sanyi ma kiɗa ne. Abin da nake gudu shi ne na ga da yawa sun iya firiz kala kala amma in an sa su a fage sai ka ga suna neman wurin da za su ajiye hannu kiɗa ya wuce ya bar su, saboda tun farko an raba musu biyun.

Mubarak_SabonGari
Maganar Baba tana da tushe a tarihin abin. A unguwar Bronx ta New York aka fara, farkon shekarun 1970, yaran baƙaƙen fata da 'yan asalin Puerto Rico. DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, shi ya lura cewa masu rawa sun fi tashi a daidai wurin da waƙa ke tsayawa ganga kaɗai ta rage, sai ya dinga sa faifai biyu iri ɗaya yana maimaita wannan gaɓar don ta yi tsawo. Bikin da ake yawan ambata shi ne na watan Agustan 1973 a gida mai lamba 1520 kan titin Sedgwick. Wato rawar gaba ɗaya a kan ganga aka gina ta, firiz ɗin ma don a nuna an ji gangar ne. Ko a Olamfik na Faris 2024 cikin abubuwa biyar da alƙalai ke dubawa akwai bin kiɗa, tare da ƙwarewa, yawan salo, tsaftar aiwatarwa da kuma ƙirƙira.

NimaBoy_Gh
Olamfik ɗin nan na kalla wallahi. Phil Wizard na Kanada ya ci zinare a maza, Ami ta Japan a mata. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne har a wannan matakin za ka ga bebi firiz yana fitowa, ba wai sun wuce shi ba, suna bi ta cikinsa ne su shiga wani abu, ko su kulle da shi na ɗan lokaci su fita. Daga Afirka 'yan Maroko ne suka wakilce mu, Billy da Elmamouny. Abin haushi an ce babu shi a na Los Angeles 2028.

Mubarak_SabonGari
Eh babu shi a 2028. Kafin Faris ma an fara gwada shi a gasar Olamfik ta matasa a Buenos Aires 2018.

DanKawo_KD
Ni ko a jikina da cire shi, dama abin na titi ne da fage, maki da alƙalai suna sa kowa ya koma rawa iri ɗaya.

NimaBoy_Gh
Amma shi ya sa iyaye suka fara kallonsa a matsayin wasa ɗan'uwa. Mu nan zango kafin nan in an gan ka kana birgima a ƙasa cewa ake ka lalace, bayan an nuna a talabijin da tutocin ƙasashe maganar ta ɗan sauya.

Maman_Khalifa
Assalamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo muku, ƙanwata ce ta sa ni a nan. Yarona ɗan shekara goma sha ɗaya ne, kullum yana falo kansa a ƙasa ƙafa a sama, wannan abin da kuke faɗa nake jin shi yake yi don na ga yana cusa gwiwar hannu a ciki. Ban son hana shi tunda ba yawo yake zuwa ba kuma karatunsa lafiya, amma tsoron wuyan nan nake. In bar shi ko in hana?

Bboy_Gwammaja
Hajiya barka da zuwa. In bebi firiz ne jikinsa bai fi tsawon hannu daga ƙasa ba, ko ya faɗi gefe zai mirgina, yana cikin mafi sauƙin haɗari a abubuwan da ake koya. Abin da za ki sa wa ido shi ne kada ya fara juyi a kan tsakar kansa ko alkafura ta baya shi kaɗai ba mai tare shi. Ki sa ya matsar da tebur da duk abu mai kaifi, kuma ki ce ya gaishe ki yana cikin tsayuwar, in muryarsa ta fita sarai to ba a wuya yake ba.

Fiziyo_Zee
Hajiya ƙari ɗaya, yara masu tasowa ƙarshen ƙashin hannunsu wajen wuyan hannu bai gama ƙwari ba, nan ne ƙashin ke ƙara tsawo, yawan ɗora nauyi kullum ba hutu yana iya sa wurin ciwo, an san wannan a wurin yara masu wasan jimnastik. Ya dinga yi kaɗan kaɗan yana hutawa, ba kowace rana ba. In ya ce wuyan hannu na ciwo har washegari a dakata. In kuma ya faɗi a kan tafin hannu ya ce ramin nan na gindin babban yatsa yana zafi in an danna, a je a ɗau hoto kafin a ce targaɗe ne a kai wa mai ɗori, akwai ɗan ƙaramin ƙashi a wurin da yake tsagewa ba tare da hannun ya kumbura sosai ba.

Maman_Khalifa
Allah ya saka da alheri, hankalina ya ɗan kwanta. Juyin kan ma na ga yana gwadawa a kan kafet, yau zan yi masa magana.

Mubarak_SabonGari
Juyin kai kam a bi a hankali, a 2024 likitoci a Denmark sun ba da rahoton wani da ya shekara kusan ashirin yana yi har tsakar kansa ta yi ƙullutu gashin wurin ya zube, sai da aka yi masa aiki. Amma wannan daban da abin da Sadiq ke tambaya.

Auwal_Koroso
Ni duk wannan abin da kuke kira da sunaye, 'yan koroso namu na Kano suna yin wanda ya fi shi, mutum ya naɗe ƙafa a wuya ya tsaya a hannu, wani ya ɗauki wani yana juyawa, kuma da kiɗa. Me ya sa ba za mu koyi namu ba?

Ummi_Rayfield
Ba wanda ya raina koroso yaya Auwal, laushin jikinsu da ƙarfin hannunsu abin a sara musu ne, kuma ɗan koroso in ya shigo birekin zai yi saurin kamawa. Amma rawa biyu ce daban, kowacce da kiɗanta da ƙa'idarta. Mutum yana iya son duka.

Tsohon_Hannu
Auwal in za ka ji tawa, ka koyi bebi firiz ɗin ka shigo da salon koroso ciki, a fage abin da ba a taɓa gani ba shi ke cin mutum. Kwaikwayon bidiyo kowa ya iya.

Issoufou_Maradi
Mu koma ga Sadiq don ya ce kan siminti shi kai. Siminti tsirara yana cin kunne da gefen kai, shi ka sa mutum ya ɗaure wuya don tsoro, in wuya ya ɗaure kuma nauyi can za shi. Nemi kwali babba mai kauri ka buɗe shi, ka manne gefuna da salatif kada ya ja. Ko ragowar ledar ɗaki. Ka sa hular sanyi.

Sadiq_Kurna
Katifa fa? Ina da ƙaramar katifa ta ɗalibai, na yi tunanin ita ta fi aminci.

Bboy_Gwammaja
A'a banda katifa. Gindin tafin hannu nutsewa yake yi a ciki, wuyan hannu ya ƙara lanƙwashewa fiye da ƙima, kuma ba za ka taɓa jin balans ɗin ba don ƙasan tana motsi. Hannu a wuri mai tauri, kai kaɗai za ka sa wa abu, ninke tawul ko riga ka ajiye inda kan zai sauka. Tabarmar roba ma zamewa take a kan siminti, tayil kuma in gumi ya ɗiga shikenan.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, riga. Rigar ƙwallo mai santsin nan gwiwar hannu ba ta kama ta, haka in ka tuɓe riga gumi ya jiƙa kwiɓi, kana sokawa tana sulɓewa ta baya. Sa rigar auduga ta gida wadda ta sha wanki. Kuma kada ka yi bayan ka cika ciki da tuwo, gwiwar hannu a kwiɓi da cikakken ciki ba sa shiri, ka bari abinci ya faɗa.

Hafsy_Tudunwada
Ni ina bin zancen nan shiru saboda matsalarmu ɗaya da Sadiq, sai dai ni numfashi ne, da na ɗaga ƙafa sai in ga na riƙe numfashi, kafin in ƙirga uku idona ya yi ja na sauko. Akwai dabara?

Ummi_Rayfield
'Yar'uwa ɗaure ciki daban riƙe numfashi daban, da farko jiki yana haɗa su. Gwada a kwance rigingine, ɗaure ciki kamar za a danna miki shi, a hakan ki dinga jan numfashi gajere gajere ta hanci kina ƙirgawa da baki. In ya zauna sai ki kai shi firiz. Ki fitar da iska lokacin da kike hawa kan gwiwar hannun, ba ki ja ba. Ƙirgawa da murya a fili tana taimakawa don ba yadda za a yi ki yi magana numfashi a riƙe.

DanKawo_KD
Ni fa har yanzu ina ganin da firiz ɗin kunkuru ya kamata sabon shiga ya fara, gwiwoyin hannu biyu duka a ciki, kai bai taɓa ƙasa ba sam, daga nan mutum zai san hannu ne ke ɗaukar sa. Bebi firiz yana koya wa mutum dogaro da kai shi ya sa irin su Sadiq ke samun ciwon wuya.

Bboy_Gwammaja
Na kunkuru ya fi wuya nesa ba kusa ba DanKawo, wuri biyu kawai ke taɓa ƙasa, sabon shiga fuska yake bugawa. Abin da na yarda da kai a ciki shi ne a yi atisayensa ƙafa a ƙasa, a soke hannu biyun a dinga turo jiki gaba ana dawowa, wannan yana gina wuyan hannu da sabon kwiɓi. Amma tsayuwar farko da mutum zai mallaka bebi ce, daga ita ake juyawa a shiga ciya firiz (mai kama da zaman kujera), daga ita ake tura jiki sama a hau tsayuwar kai, kuma sokar da ka koya a nan ita za ka tarar ranar da ka fara windimil, juyin nan da ake yi a kan baya da kafaɗu ƙafafu a ware.

DanKawo_KD
Mun bambanta a nan, ni waɗanda na ga sun fara da kunkuru firiz ɗinsu ya fi tsafta daga baya.

Sadiq_Kurna
Na dawo da rahoto. Na samo kwali a wurin mai shagon unguwarmu, na sauko da gwiwar hannun inda Gwammaja ya ce, na matsar da kai gaba, na bi hanyar Malam Issoufou ta tsugunne. Ƙafafun sun tashi da kansu yadda Ummi ta faɗa, ban yi tsalle ba, kuma na iya ɗaga kaina kaɗan daga tawul ɗin. Wuya shiru. Kwiɓin ne ke zafi yanzu da wuyan hannun dama kaɗan. Sai dai da na ce bari in shiga daga sikis sitef kai tsaye, gwiwar hannun ba ta faɗa wurinta, tana sauka a baya ko ta goce.

Fiziyo_Zee
Kwiɓi zai saba. Wuyan hannun ne za ka lura da shi, in zafin ya kwana ka ba shi hutu, kuma ka fara koyon ɓangaren hagu tun yanzu don kada hannu ɗaya ya ɗauki duk aikin.

Tsohon_Hannu
Ka ga abin da nake faɗa kenan, a zaune kowa na iyawa, shigowa daga rawa ita ce aikin. Kunna kiɗa mai sanyi, sikis sitef ɗaya, a kan bakwai hannu ya sauka, a kan takwas ka kulle.

Ummi_Rayfield
Baba har yanzu da sauransa kafin takwas ɗin nan. Sadiq raba shi biyu, ka yi sikis sitef ka tsaya a tsugunne cak, ka soke gwiwar hannun tun kana sama kafin tafin hannu ya taɓa ƙasa, sannan ka kwanta. Matsalar ita ce kana fara ajiye hannu a ƙasa sannan ka kawo jiki yana neman gwiwar hannun, shi ya sa take gocewa. Hannu da kwiɓi su sauka tare a manne.

Issoufou_Maradi
Ni kuma ta durƙuso nike shiga, gwiwar dama ta taɓa ƙasa tukuna sannan in zuba jiki bisa hannun, ya fi taushi ga wanda bai saba ba. Sadiq wane gefe kake zagaya sikis sitef ɗin naka, hagu ko dama? Don in kana zagayawa ta gefen da bai dace da hannun da kake sokewa ba dole sai ka ƙara taku ɗaya kafin ka shiga.

Sadiq_Kurna
Ƙafar dama nake fara ƙetarawa ta gaba, hannun hagu a ƙasa. In haka ne sai na canja hannun sokewa kenan ko takun zan ƙara?

Bboy_Gwammaja
Kada ka canja komai tukuna. Jingina wayarka da bango ka ɗauki kanka daga gefe, daidai tsayin ƙasa, ka turo mu ga inda ƙugunka yake lokacin da hannun ke sauka. Ina zargin kana ɗaga ƙugu sama da yawa a sikis sitef ɗin ne shi ya sa tazarar ke yi wa gwiwar hannun nisa, amma sai na gani.